Ciwon Kan Mai Jego a Kwanakin Shirin Suna



 An ce in yi muku magana a kan lafiya, aka bar mini zaɓi. Na zaɓi hawan jinin da ciki ke kawowa, musamman ɓarnar da yake yi a ƙwaƙwalwar mace bayan ta haihu. Na san wasu za su ce wannan ai magana ce ta iyaye mata. Ku ɗan yi haƙuri da ni. Duk wanda ke zaune a nan yana da ya ko ƙanwa, ko matar wa, ko maƙwabciya da za ta haihu bana. Ranar da abu ya ɓaci da tsakar dare, kai saurayi kai ne za a tasa ka tada babur, kai ne mai salula da kuɗin kira a ciki. Wadda kuma ake turawa ta kwana ɗakin mai jego tana riƙe mata jinjiri, ke ce ƙanwarta. Ku biyun nan ku ne kusa da ita a lokacin da minti goma ke da tsada.

A wurinmu, da an ji kukan jariri aka ce ta sauka lafiya, sai hankali ya kwanta. Ƴan barka su fara shigowa, maigida ya shiga neman rago da goro, mata su shiga maganar anko da tuwon suna. Ita wadda ta haihu an ɗauka ta haye. Galibi haka ne, alhamdu lillahi. Amma akwai cutar da ba ruwanta da an yanke cibiya. Tana iya biyo mace har gida, tana ma iya farawa bayan haihuwar, ga macen da aka yi ta auna ta lokacin awon ciki ba a ga komai ba. Kwanakin da ta fi ƙarfi kuwa su ne daga na 3 zuwa na 6 bayan haihuwa, wato daidai lokacin da gida ya fi hayaniya, kowa idonsa na kan ranar zanen suna.

A karnen awo za ku ga an rubuta sunanta da Faransanci, pré-éclampsie. Mu dai mu ce hawan jinin masu ciki. Ana gane ta ne idan ciki ya wuce mako 20, aka auna tansiyo aka samu 14 bisa 9 ko fiye, wanda wasu na'urori ke rubutawa 140 bisa 90, sannan aka tarar da furotin a fitsari, ko wata alamar cewa ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa sun fara jin jiki. Idan awon ya kai 16 bisa 11, an shiga gaggawa. Ku riƙe lambobin nan biyu, za mu sake komawa kansu. A duniya tana kama ciki 2 zuwa 8 cikin 100, kuma wani ƙididdiga da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 ya nuna cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na matan da ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa, hawan jini ne ya ɗauke su. Ya zo na biyu ke nan bayan zubar jini.

Tushen abin yana wurin mabiyiya. A farkon ciki ya kamata ta kafa saiwa sosai a jikin mahaifa don ta samu isasshen jini. Idan saiwar ba ta shiga da kyau ba, mabiyiya tana zama cikin yunwar jini, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai a jinin uwa waɗanda ke kuje cikin jijiyoyin jininta ko'ina a jiki. Jijiyoyin su tsuke, jini ya hau, kuma su fara yoyo, ruwa na fita yana shiga tsoka. Wannan ne kumburin fuska da hannaye da kuke gani, har zobe ya ƙi fita daga yatsa.

Mai tunani zai ce, to in mabiyiya ce ta jawo, ai da ta faɗo magana ta ƙare. Raunin da ta yi wa jijiyoyi ba ya warkewa rana ɗaya, yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Ga kuma wani abu. Mai ciki tana tara ruwa a jiki, lita 6 zuwa 8 idan aka haɗa da na ɗan da ruwan da yake kwance a ciki. Bayan haihuwa, ruwan da ya taru a tsoka yana komowa cikin jijiyoyi don ƙoda ta fitar da shi. Ruwa mai yawa ya shigo jijiyoyin da ba su gama warkewa ba, sai jinin da ya ɗan sauka a ranar farko ya sake tashi. Ita kuwa an riga an sallame ta, tana gida, babu mai auna ta. Hatsarin ya fi yawa a makon farko zuwa kwana 10, amma likitoci suna lissafa shi har mako 6, kwana 42 ke nan. Iyayenmu da suka ware wa mai jego kwana arba'in ba su yi nisa da lissafin likita ba.

Yanzu mu hau zuwa kai, inda maganar take.

Ƙwaƙwalwa tana da dabarar kare kanta. Waɗanda suka san noman rani a Jiratawa ko Ƙonni sun san aikin mai tsaron ƙofar ruwa: in ruwa ya yi ƙarfi a babbar hanya ya rage ƙofa, in ya yi rauni ya ƙara buɗewa, don fangali ya samu daidai abin da yake bukata. Haka ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yi dare da rana. Amma dabarar tana da iyaka. Idan jini ya hau da sauri, ga bangon jijiyar da rauni, sai ƙarfin ya fi ƙarfin ƙofa, ruwa ya tsattsafo cikin naman ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne, ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Daga nan ne ciwon kai mai tsanani ke tasowa, wanda mace za ta ce kamar ana sara mata kai da gatari, ta sha farasitamol bai ko gezau ba.

Kumburin ya fi son bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, kuma a nan ne cibiyar gani take. Shi ya sa mace za ta ce tana ganin taurari ko walƙiya, ko tana ganin abu biyu-biyu, ko hazo ya rufe mata ido. Wata ma ta wayi gari ba ta gani sam, alhali idanun lafiya lau suke, in ka duba ba ja ba kwantsa. Sai ka ga an tafi neman maganin ɗigawa ko kwalli, ana cewa jiri ne na rashin jini. Likitoci sun bayyana wannan kumburi a 1996, daga baya suka riƙa taƙaita sunansa da haruffa huɗu, PRES, kuma a cikin sunan akwai kalmar da ke nufin abin da ke iya komawa daidai. Wannan ne daɗin labarin. Idan aka saukar da jini da wuri, kumburin yana sacewa, gani ya dawo cikin awoyi ko ƴan kwanaki. Idan aka bar shi, yana iya barin tabon da ba ya gogewa.

Mataki na gaba shi ne jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, likita kuma ya ce éclampsie. Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Fuska ta fara motsi, ido ya juye, jiki ya sandare, sannan ya shiga karkarwa da ƙarfi, haƙora su datse harshe, kumfa da jini su fito, numfashi ya tsaya har leɓe ya canza launi. Minti ɗaya ne ko ɗaya da rabi, amma ga wanda ke tsaye kamar awa guda. Daga nan ta faɗa barci mai nauyi da minshari, in ta farka ba ta san abin da ya faru ba. Ku yi tunanin wannan ya same ta tana tsugune gaban tukunyar ruwan wanka, ko tana riƙe da jariri. Kuma in ba a yi magani ba jijjigar tana dawowa, ta biyu, ta uku, kowace tana hana ƙwaƙwalwa iska, kowace tana iya tura amai cikin huhu. Sau da yawa tana yin sallama kafin ta shigo, da ciwon kai da gani dishi-dishi, awoyi ko kwana guda kafin nan. Wannan sallamar ce nake so ku koyi ji.

Wanda ya fi kisa shi ne fashewar jijiya. A nan ba ruwa ne ke tsattsafowa ba, jini ne ke zuba cikin ƙwaƙwalwa. Lambar sama ta awon tansiyo ita ce abin tsoro, da ta kai 16 hatsarin ya ƙaru ƙwarai, ko da ta ƙasa ba ta yi yawa ba. Yakan zo da ciwon kai farat ɗaya kamar tsawa, wanda ba ta taɓa jin irinsa ba, da amai, sai baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓari ɗaya su mutu, magana ta sarƙe ko ta ɗauke. Shanyewar ɓarin jiki ke nan, wadda muka saba gani ga tsofaffi, ga ta a jikin yarinya ƴar shekara 17. Akwai wani nau'in hawan jinin mai tsanani da ke taɓa hanta ya kuma cinye ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, wanda ke ƙara sauƙin zubar. Alamarsa ciwo ne a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da tashin zuciya. Mutane da yawa suna ɗaukarsa gyambon ciki, a ba ta madara ko maganin olsa a ce ta kwanta.

Akwai kuma toshewa. Jinin mai jego yana saurin daskarewa, rahama ce don kada ta zubar da jini ya ƙare. Amma wani lokaci gudan jini yana toshe manyan hanyoyin da ke fitar da jini daga kai. Wannan ciwon kansa a hankali yake ƙaruwa, yau ya fi jiya, sau da yawa a mako na biyu ko na uku, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana taimaka masa. A bazarar ƙasar nan, mace tana shayarwa, tana wankan ruwan zafi safe da yamma, tana zufa, in ba a ajiye mata ruwan sha kusa da ita ba an cuce ta.

Ba kowane ciwon kan mai jego ne wannan ba, kada in tsorata ku fiye da kima. Rashin barci yana sa ciwon kai, ƙarancin jini yana sawa, masassarar cizon sauro tana sawa, wadda aka yi wa allurar baya don tiyata ma tana iya samun ciwon kai mai lafawa in ta kwanta. Matsalar ita ce daga gida ba wanda ya isa ya bambance su, ko likita ne in babu na'ura a hannunsa. Awon tansiyo minti biyu ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne a sayo maganin masassara a teburin mai talla, a ce a jira kwana uku a gani. Kwana ukun nan su ne duk abin da take da shi. Ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da ake sha kamar gyaɗa, suna riƙe ruwa a jiki, suna wahalar da ƙoda, suna iya ƙara hawan jini. Mai jegon da ke da tansiyo kada ta sha su sai likita ya rubuta.

Tunda mun shigo gida, bari in taɓo abin da ke da ɗan nauyi, iyayenmu mata su gafarce ni. Kunun kanwa. An gaje shi ne da kyakkyawar niyya, don a ƙara nono a kuma gyara ciki. Amma kanwa ƴar uwar gishiri ce, sinadarin da ke cikin gishiri yana sa jini ya hau, shi ne a cikinta, kuma da yawa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta shi da kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan ban da waɗannan, amma babu likitan da zai ce a ɗura wa mai hawan jini kanwa safe da yamma. Kunu dai a dama shi, na gero, na gyaɗa, a sa tsamiya, ta sha ta ƙoshi, nono zai zo. Wanka kuma, wanda wasu ke kira wankan biƙi, a yi shi da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa. Wadda aka ce tana da tansiyo kada a bar ta ita kaɗai a makewayi.

Sai kunya, wadda a ganina ta fi kanwa ɓarna. Wadda wannan cuta ta fi kamawa ita ce mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya. Sauran su ne mai tagwaye, wadda ta haura shekara 35 zuwa 40, mai tsohon hawan jini ko ciwon suga ko na ƙoda, wadda ta taɓa yi a cikin baya, da wadda uwarta ko yarta ta yi. To ku dubi mai haihuwar fari a al'adarmu. An koya mata dauriya, ko naƙuda ba a son a ji muryarta. Tana gidan iyayenta wankan gida, ko ɗan nata ba ta ɗauka a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce kaina zai fashe. In ta faɗa, a ce raki ne, kowa da haka ya haihu. Shi kuma angon ƙarni yana jin nauyin surukai, ya tsaya a zaure ya gaisa ya aje cefane ya juya. Iyayenta suna jiran izininsa kafin su kai ta likita, shi yana can yana cinikin rago, bai san ana jiransa ba. Kowa ya yi ladabi, yarinya tana kwance jini na hawa.

Samari masu niyyar aure da waɗanda suka yi, ga abin da za ku yi, ba ya cin ko dala. Tun ciki na wata bakwai ka faɗa wa surukarka da mahaifiyarka, da bakinka, cewa duk lokacin da suka ga abin da bai yi musu ba su kai ta likita, ba sai an neme ka ba. Ka ba da izinin tun kafin a bukace shi. Bayan haihuwa ka kira ta kullum, kada ka tsaya a "ya jiki?", domin amsar "da sauƙi" ce ko tana mutuwa. Ka tambaye ta kai tsaye: kanki yana ciwo? Kina gani sosai? Akwai ciwo a ƙahon zuciya? Numfashi fa, yana yi miki wuya in kin kwanta? Ke kuma ƙanwa mai kwana da ita, ki lura ko fuskarta ta kumbura da safe, ko tana rikita magana, ko tana barcin da ba a iya tashinta ta ba da nono, ko fitsarinta ya ragu ƙwarai. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi, ko da ana tsakiyar rabon goro ne. Suna yana yiwuwa uwa tana gadon asibiti, an sha yi.

In kuwa jijjigar ta riga ta zo kuna wurin, abu na farko a ɗauke jariri, a janye wuta da ruwan zafi da duk abin da za ta buge. A kwantar da ita a gefenta na hagu don yawu da amai su zubo waje. A sassauta ɗankwali da tufafi. Kada a danne ta, ba a tsayar da jijjiga da ƙarfin damtse. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinta, ana karya haƙori, ana rasa yatsa. Kada a ɗura mata komai, ko ruwa, ko rubutu, ko man shanu, domin ba ta iya haɗiya, huhu zai tafi. Kada a turara mata hayaƙi, iska take nema. Wani ya dubi agogo ya riƙe lokacin, wani ya nemo mota ko adaidaita. A bisa babur ba a ɗaukar wadda ba ta cikin hayyacinta sai in babu wata hanya sam, kuma da mai riƙe ta a baya. Ko ta farfaɗo ta ce ta warke, a tafi.

Na san abin da ake cewa a irin wannan lokaci. A ce iska ce, ta fita da magariba, ko ta yi wanka a inda bai kamata ba, ko an yi mata baki saboda ta haifi namiji. Ni ba malami ba ne, ga malamanmu nan zaune, sun fi ni sanin wannan fage. Abin da na sani shi ne, in aka ɗaura wa matar nan na'ura za a ga 17 ko 18, in aka yi mata allura jijjigar ta tsaya. Addu'a ba ta bukatar a tsaya wuri ɗaya, ana yin ta a cikin mota, ana yin ta a bakin ƙofar ɗakin haihuwa. Ina roƙon masu ruƙiya a cikinmu, in aka kira ku kan mai ciki ko mai jego da ta faɗi, ku ne za a fi jin maganarku a gidan, ku ce a ɗauko ta mu tafi, ku bi su kuna karatu. Sannan wannan ba farfaɗiya ba ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Ita ma farfaɗiyar ba a ɗaukarta haka. Kada kowa ya gudu ya bar ta.

Abin da za a yi mata a likita ba wani abu ne mai tsada ba. Babban maganin shi ne allurar magneziyom salfat. Wani babban bincike da aka kira Magpie, wanda aka buga a 2002, an yi shi a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar tana rage hatsarin jijjiga da fiye da rabi. Kafin shi, wani binciken na 1995 ya nuna ta fi diazepam hana jijjiga dawowa. Ana ci gaba da ba da ita awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, ana lura da numfashi da yawan fitsari, shi ya sa ake sa robar fitsari, kada dangi su ga haka su tsorata. Tana sa jin zafi a jiki da kasala, wannan ba lalacewa ba ce. Sai magungunan saukar da jini irin nifedipine, labetalol, ko nicardipine da aka fi sani da Loxen. Magneziyom yana tare jijjiga, waɗannan kuma su ne ke tare fashewar jijiya, kowanne da aikinsa.

Ku fara da wuri mafi kusa, CSI na unguwa ko na gari, domin a nan ake iya yin allurar farko kafin a tura ta gaba. In manjo ko unguwarzoma suka ce sai asibitin gunduma, ko cibiyar kula da uwa da yaro ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko maternite Issaka Gazoby ga na Yamai, kada a tsaya shawara a koma gida tara dangi. Da isa, kalmar farko da za ta fito bakinku ita ce: ta haihu kwana kaza da suka wuce. Mace mai ciwon kai ba ciki a gabanta, ana iya sa ta layin masu masassara. Ku riƙo karnen awonta. Ku je da mutum biyu ko uku masu lafiya, in an bukaci jini ga ku.

Wadda ta haihu a likita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zauna aƙalla awa 24 kafin a sallame ta, sannan a sake duba ta a kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na 6. Mu kuwa awa shida ba ta cika ba dangi sun tsaya kan unguwarzoma a sallame mu, ƴan barka na jira. Awon kwana na 3 shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, kuma kun ji dalilin da ya sa shi ne mafi muhimmanci. Wadda ta haihu a gida ma ta je, babu wanda zai kore ta. Wadda aka sallama da maganin tansiyo ta ci gaba da sha har likita ya ce ta daina, ko da tana jin garau. Magungunan da ake zaɓa wa mai jego ba sa hana shayarwa, ta ba ɗanta nono.

Wadda ta tsallake, sauran aiki yana kan miji da dangi. Wasu sukan yi watanni suna fama da mantuwa, ko saurin gajiya, ko tsoro da faɗuwar gaba in sun tuna. Ta sa gishiri sau biyu a miya, ta manta inda ta aje kuɗin cefane. Ba raini ba ne, ƙwaƙwalwa ce da ta sha wuya take murmurewa. Wadda ɓarin jikinta ya shanye tana bukatar motsa gaɓoɓi tun da wuri wurin masu gashin ƙashi na asibiti, kuma ƙuruciya tana taimakonta, da yawa suna komawa tafiya da aikinsu. Wannan ba lokacin yi mata kishiya ko mayar da ita gidansu ba ne. Ta huta kafin wani cikin, shekara biyu in da hali, kuma in ya samu ta fara awo da wuri ta faɗi abin da ya same ta a baya. Akwai ƙaramin asfirin da ƙwayar kalsiyom da likita ke rubuta wa irinsu don rage hatsarin dawowa, amma shi zai rubuta, ba mai tebur ba. Kuma duk macen da ta taɓa wannan cuta ta riƙa auna jininta ko sau ɗaya a shekara har tsufa, domin ta fi sauran mata hatsarin hawan jini na dindindin da ciwon zuciya da shanyewar jiki nan gaba.

Ga shugabannin ƙungiya ina da roƙo ɗaya. Na'urar awon tansiyo mai batir, irin ta damtse, kuɗinta bai kai na ragon suna ba, kuɗin shayin fada na ƴan makonni ya saye ta. Kowane reshe ya mallaki ɗaya, a nemi ma'aikacin lafiya na unguwa ya koya wa ƴan uwa mata biyu ko uku yadda ake ɗaurawa: mace ta zauna ta huta minti biyar, hannu a kan matashi daidai ƙirji, a auna sau biyu. Duk gidan da aka haihu, in za su je barka su tafi da ita a jaka, su koma a kwana na 3 da na 5. Ba su ba da magani, ba su yanke hukunci, su dai karanta lamba. In 14 bisa 9 ce ko fiye, ta ga ma'aikacin lafiya a ranar. In ɗaya daga cikin lambobin ya kai 16 a sama ko 11 a ƙasa, ko akwai ciwon kai mai tsanani ko matsalar gani ko da lambar ba ta kai ba, a tafi a lokacin. A jikin jakar na'urar a rubuta lambar salular manjo, da ta unguwarzoma, da ta mutum biyu masu mota a unguwa waɗanda aka riga aka yi magana da su cewa za a iya tashinsu da dare.

Na ga lokacin da aka ba ni ya cika. Na zo da na'ura guda, tana kan teburin baya, duk mai son ya ga yadda ake ɗaura ta ya same ni bayan an tashi.